Amanar Kansila a Sha'anin Tsaron Unguwa: Tsakanin Kare Rai da Tsare Adalci

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna ɗaukar hankalin malaman fikihu da masana falsafar mulki akwai tambayar wane ne ke da ikon ɗaga sanda a kan ɗan'uwansa da sunan kare jama'a, kuma a ina iyakar wannan iko take. A da, tambayar ta fi shafar sarakuna da alƙalai, amma a Arewacin Nijeriya ta yau ta sauko har ƙofar gidan kansila, wato wakilin da mutanen mazaɓa ɗaya suke zaɓa domin ya zauna a madadinsu a majalisar ƙaramar hukuma. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowace kuma an yanka ta mazaɓu, har jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Kansila shi ne mafi ƙanƙantar zaɓaɓɓu a tsanin mulki, shi ne kuma mafi kusa da talaka, domin yana salla a masallacin da masu zaɓensa ke salla, yana halartar sunansu da jana'izarsu, saboda haka idan aka fasa shago da dare ko aka ƙwace wayar ɗaliba a lungu, ƙofarsa ake fara ƙwanƙwasawa kafin a tuna da ofishin 'yan sanda.

Abin da ya sa matsayinsa ya zama mai wuyar sha'ani shi ne, nauyin da jama'a suka ɗora masa ya fi ikon da doka ta ba shi nesa ba kusa ba. Tsarin mulkin 1999 ya bayyana a sashe na 14 cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, amma sashe na 214 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga tarayya baki ɗaya. Jadawali na huɗu, wanda ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya ambaci kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da magudanan ruwa da fitilun titi da sa wa tituna suna da rajistar haihuwa da mutuwa, bai kuwa ambaci kama mai laifi ba. Baturen 'yan sanda, wato jami'in da ke shugabantar ofishin yanki, yana karɓar umarni ne daga kwamishinan jiha, shi kuma daga Sufeto Janar a Abuja. Kansila ba shi da ɗan sanda ko ɗaya a ƙarƙashinsa, ga shi kuma an ɗauke shi uban unguwa a sha'anin tsaro.

Wannan tsari yana da tarihinsa, tarihin kuma yana ɗauke da darasi. Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke kama masu laifi da sunan sarki, a zamanin En'e kuma aka samu 'yan doka, waɗanda suka san kowane lungu da kowane gida domin 'yan ƙasa ne. Wannan sani ya taimaka wajen kama ɓarayi, amma a shekarun 1950 da farkon 1960 an yi ta kuka da yadda ake amfani da su wajen musguna wa 'yan adawa, musamman magoya bayan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, har gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Darasin yana da fuska biyu. Mai tsaron da ya fito daga nesa bai san gari ba, bai san harshe ba a wasu lokuta, don haka yakan rasa inda zai dafa, shi kuwa mai tsaron gida ya san gari sarai, amma yana da dangi da abokan gaba da ubangida. Duk wata muhawara da ake yi yau kan 'yan sandan jihohi da 'yan sandan al'umma tana kai da komo ne tsakanin waɗannan haɗurra guda biyu.

A mahangar Musulunci, aminci ni'ima ce da ake ambatonta kafaɗa da kafaɗa da abinci. Suratu Ƙuraishi ta haɗa ƙosarwa daga yunwa da kuɓutarwa daga tsoro a matsayin dalilin bauta, addu'ar Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ke cikin Suratul Baƙara kuma ta gabatar da roƙon aminci ga garin Makka a kan roƙon arziki. Malaman usulu, irin su Imam Gazali a cikin Al-Mustasfa da Imam Shaɗibi a cikin Al-Muwafaƙat, sun tattara manufofin shari'a a kan kiyaye abubuwa biyar da suka kira larurori, wato addini da rai da hankali da zuri'a da dukiya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke tsayuwa a garin da manomi ba ya iya zuwa gona, ɗalibi ba ya iya zuwa makarantar dare, mace ba ta iya kai mara lafiya asibiti bayan isha'i. Bahaushe ya taƙaita wannan duka da cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Saboda haka kansilan da ya kawar da kai daga tsaron mazaɓarsa da hujjar cewa ba hurumin ofishinsa ba ne ya yi sakaci da amana, domin hadisin kiwo da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ɗora wa kowane mai riƙe da wani abu na jama'a tambaya gwargwadon abin da ya riƙa.

Sai dai larurorin nan biyar suna kare wanda ake zargi kamar yadda suke kare wanda aka zalunta, kuma a nan ne ainihin wahalar take. Ran yaron da aka yi wa ihun ɓarawo a bakin kasuwa yana cikin rayukan da shari'a ta zo ta kiyaye, har sai an tabbatar da laifinsa a gaban mai ikon hukunci, kuma ko bayan an tabbatar, hukuncinsa yana da iyaka da ba a tsallakewa. Wanda ya taɓa ganin irin wannan taro ya san yadda yake kasancewa: mutum ɗaya ya ɗaga murya, goma su bi, wani ya ɗauki dutse, wani ya tafi neman taya da fetur, alhali mafi yawan masu dukan ba su san abin da aka sata ba, ba su kuma san wanda aka sata wa ba. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida Kano domin bikin salla, bayan 'yan banga sun tare motarsu, sun ga bindigogin farauta, aka yi musu kallon masu garkuwa da mutane. Duk ɗan Arewan da wannan kisa ya ƙona wa rai, wajibi ne ya ƙi irinsa a unguwarsa, ko da wanda aka kama baƙo ne, ko da harshensa da addininsa daban ne.

Malaman fikihu sun yi wani rarrabewa da ke warware mafi yawan ruɗanin da ake ciki, wato bambanci tsakanin tunkuɗe maharin da ya afko da zartar da hukunci a kan mai laifi. Na farko halal ne ga kowa, domin mutumin da 'yan bindiga suka faɗo wa ƙauye cikin dare, alhali jami'an tsaro suna da nisan tafiyar sa'o'i, ba a ce masa ya naɗe hannu ya jira ba, hadisi ma ya ba wanda aka kashe wajen kare ransa ko iyalinsa ko dukiyarsa matsayin shahada. Amma wannan izini yana ƙarewa da ƙarewar haɗarin. Da zarar an rinjayi maharin, an ɗaure shi, to ya koma hannun hukuma, abin da ya rage kuma bincike ne da shaida da hukuncin alƙali. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu irin su Risala da Muhtasar Halil ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun tafi a kan cewa ko waliyyin jini, wato wanda shari'a ta ba haƙƙin ƙisasi, idan ya kashe wanda ya kashe masa ɗan'uwa ba da izinin shugaba ba, ana ladabtar da shi saboda ya yi wa hukuma shisshigi. Idan wannan ne hukuncin mai haƙƙi, ina ga taron da ba shi da haƙƙi, ba shi da shaida?

Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya ƙara fito da lamarin fili a babin hisba na littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. Hisba ita ce umarni da kyakkyawa idan an bar shi a sarari da hani ga mummuna idan an aikata shi a sarari, kuma ya bambanta muhtasibi, wato wanda hukuma ta naɗa, da mai sa-kai, wato wanda ya tashi don neman lada. Muhtasibi yana da ikon ɗaukar mataimaka, da yin horo mai sauƙi da ake kira ta'aziri, da karɓar albashi daga baitulmali, mai sa-kai kuwa ba shi da ikon horo. Ko shi muhtasibin, ba ya sauraron ƙarar da ake musu a kanta wadda ke buƙatar shaidu da rantsuwa, domin wannan aikin alƙali ne, ba ya kuma leƙen asirin gidajen mutane sai a inda ake tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan 'yan sintirin unguwa, za a ga cewa aikinsu shi ne gadi da faɗakarwa da kamawa da miƙawa, duk abin da ya wuce haka kuwa, kamar bulala da tsarewa a ɗaki da cin tara da tilasta wa mutum amsa laifi, ya fita daga huruminsu a shari'a, kamar yadda ya fita a dokar ƙasa, wadda ta yarda ɗan ƙasa ya kama wanda ya gani yana aikata laifi amma ta wajabta miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, ta kuma haramta azabtarwa a wata doka ta musamman ta shekarar 2017.

Tarihin 'yan shekarun nan ya nuna fuskokin sa-kai guda biyu. A Maiduguri, a shekarar 2013, matasan da aka fi sani da Kato da Gora sun tashi da sanduna suna nuna wa sojoji 'yan Boko Haram da ke ɓoye a unguwanni, kuma sun taka rawa babba wajen kakkaɓe su daga cikin birni, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Zamfara da maƙwabtanta kuwa, an yi ta kokawa da yadda wasu 'yan sa-kai suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni da rugage ba tare da bambanta mai laifi da mara laifi ba, lamarin da ya haifar da ramuwar gayya, ya ba 'yan bindiga hujjar jawo matasa, ya kuma sa gwamnatin Zamfara ta haramta ƙungiyoyin fiye da sau ɗaya. Ƙoƙarin da jihohi suka yi daga baya, kamar rundunar tsaron al'umma da aka ƙaddamar a Katsina a watan Oktoba na 2023 da Askarawan Zamfara a watan Janairu na 2024, amsa ce ga wannan darasi, wato a shigar da masu sa-kai ƙarƙashin doka da horo da albashi da shugabanci sananne. Alƙur'ani ya kafa ƙa'idar cewa ba a ɗora wa wani laifin wani, ya kuma yi gargaɗi a Suratul Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci, kuma jinin da aka zubar a Arewa maso Yamma ya tabbatar da cewa saɓa wa wannan ƙa'ida ba ya kawo tsaro ko na wata guda.

Daga nan ne aikin kansila yake bayyana. A unguwanni da yawa, tsaro yana farawa ne da zama bayan sallar isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, inda ake shimfiɗa tabarmi, limami da dattawa da shugabannin matasa su zauna, a yanka wa kowane gida kuɗin sintiri na wata, a sayi tocila da batir da usur, a sa shingen ƙarfe a bakin layi, a tsayar da lokacin rufe shi. Kansilan da ya san amanarsa yakan zo wannan zama da tambayoyin da mutane ba sa son ji saboda zafin abin da ya same su. Su wane ne za su yi sintirin, wa ya tsaya musu, akwai mai shaye-shaye a cikinsu? An rubuta sunayensu an kai wa baturen 'yan sanda da hakimi? Wa ke riƙe da kuɗin, yaushe yake ba da lissafi, kuma an yafe wa bazawara da marayu nasu kason? Idan an kama mutum da ƙarfe biyu na dare, a ina zai kwana, wa za a kira, ƙarfe nawa za a miƙa shi? Mai shayin da ke tashi aiki da tsakar dare da ma'aikaciyar jinya da ke dawowa daga asibiti, ta yaya za su wuce shingen ba tare da wulaƙanci ba? Waɗannan ƙananan tambayoyi su ne katangar da ke raba sintiri da daba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma jarrabawar da ta shafi kansilan shi kansa, ita ce ma mafi tsanani. Sanannen abu ne cewa 'yan daba a Kano da 'yan sara-suka a Bauchi da 'yan kalare a Gombe sun samu gindin zama ne a inuwar siyasa, inda ake ba matashi ƙwaya da 'yan kuɗi a lokacin yaƙin zaɓe, bayan zaɓe kuma a bar shi da makaminsa ya nemi na kansa a jikin maƙwabta. Kansilan da ya hau kujera a kafaɗar irin waɗannan yara yakan tsinci kansa da sassafe a caji ofis yana roƙon a sako masa yaronsa, alhali jiya shi ne ya yi wa jama'a jawabi a kan tsaro. Shari'a ta bambanta ceto mai kyau da ceto mummuna. Tsayawa wa talakan da aka kama a madadin ɗan'uwansa, abin da dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta, ko wanda aka tsare kwanaki ba a kai shi kotu ba, ko wanda ake nema ya biya kuɗin beli alhali beli kyauta ne, wannan ceto ne mai lada. Amma ƙwato mai laifi saboda ɗan jam'iyya ne shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi a kansa lokacin da Usama ɗan Zaidu ya nemi sassauci ga wata mace 'yar babban gida daga Banu Mahzum, inda ya bayyana cewa al'ummomin baya sun halaka ne saboda ƙyale mai gata da hukunta mai rauni.

Malaman da suka koyar a wannan ƙasa ba su bar wannan fage babu bayani ba. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban shugaba a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jera a Kitabul Farƙi ɗabi'un mulkin zalunci da suka haɗa da karɓar gaisuwa da cin dukiyar talaka ba bisa haƙƙi ba, Abdullahin Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami domin jagorantar masu mulki a Kano, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya aika wa Ummarun Dallaje na Katsina da Usulus Siyasa. Abin da ya haɗa waɗannan rubuce-rubuce shi ne ɗaukar mulki a matsayin amanar da za a yi wa hisabi, da kallon adalci a matsayin tushen ɗorewar ƙasa, ra'ayin da Ibn Haldun ma ya gina a kansa inda ya nuna cewa zalunci shi ke rushe raya ƙasa. Bello ya ƙara da jawo hankalin shugaba ga samar wa jama'a sana'o'i da raya kasuwanni da hanyoyi, wanda ke nuna cewa magabata sun fahimci alaƙar da ke tsakanin zaman banza da ɓarna tun kafin masana na zamani su rubuta a kai.

Wannan batu na ƙarshe yana mayar da hankali ga jadawalin ayyukan ƙaramar hukuma da aka ambata a baya, domin idan aka dube shi da idon basira za a ga cewa rabinsa aikin tsaro ne ta hanyar rigakafi. Fitila ɗaya a lungun da ake tare mutane tana iya hana abin da sintirin mutum goma bai hana ba. Lambar gida da sunan titi suna sa a iya kiran agaji ya iso a kan lokaci, tsarin tashar mota da na kasuwar dabbobi yana toshe hanyar sayar da kayan sata, kangon da aka rufe ko aka mayar ajin yaƙi da jahilci kuma ya daina zama maɓoyar masu shaye-shaye. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, ya ƙara wa kansila nauyi, domin shi da 'yan'uwansa ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su ne kuma ya kamata su tambayi shugaban ƙaramar hukuma inda kuɗin ya shiga. Haka nan sulhu tsakanin manomi da makiyayi tun kafin girbi, da kiyaye burtali da mashaya, da sasanta matasan unguwanni biyu kafin a zaro wuƙa, duk ayyuka ne da ba sa buƙatar bindiga, suna buƙatar mutumin da ɓangarori biyu suka yarda da gaskiyarsa.

Abin da ya fito daga wannan duka shi ne, rashin makami a hannun kansila bai rage masa matsayi a sha'anin tsaro ba, domin abin da yake riƙe da shi, wato yardar jama'a da sanin gida, shi ne abin da 'yan sanda suka fi rasawa, abin da yake iya tunatar da jama'a kuma, wato iyakar doka da haƙƙin wanda ake zargi, shi ne abin da mai fushi ya fi mantawa. Mazaɓarsa ta ƙunshi wanda ya zaɓe shi da wanda ya ƙi shi, ɗan gari da baƙo, Musulmi da Kirista, mai shago da almajirin da ke kwana a rumfar shagon, kuma rantsuwar da ya yi ta shafe su duka. Za a auna shi da yawan mutanen da suka kwana lafiya a zamaninsa, za a kuma auna shi da ko an zubar da jinin wani ko an ci mutuncin wani ba bisa haƙƙi ba da saninsa. Kansilan da ya tsare unguwarsa daga ɓarawo, ya kuma tsare wanda ake zargi daga hannun taro har ya kai shi gaban alƙali, shi ne ya sauke amanar da ya ɗauka, wanda kuwa ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, akwai sauran tambaya a kansa a gaban jama'arsa da kuma a gaban Allah.